Gana Mai Gumi da Mutanen Birnin Gora

Yayata Gana ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta gina gari guda da bakinta, ta zuba masa mutum ɗari da goma sha bakwai. Ni na ƙirga su, don haka kada wani ya zo mini da gardama. Na ƙirga sarakuna da aljannu da ɓarayi, har da wani kada mai magana da na daɗe ina shakkar ko ya cancanci shiga sahun mutane. Daga baya na sa shi, domin ya fi wasunsu hankali.

Sana'arta gumi. Wanda bai tashi a bakin kogin Haɗeja ba zai iya shekara hamsin yana cin shinkafa bai san wahalar da ke bayanta ba. Sai an jiƙa ta da ƙaiƙayinta ta kwana, da safe a ɗora a wuta a turara har ƙwayar ta fara buɗe baki, a baza a rana ana motsawa ana korar kaji, sannan a zuba a turmi a casa. Gana ta kama wannan aiki a shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gona ɗaya a fadama. 'Yan kasuwa su kawo mata buhu, ta mayar musu da tsabar da ba ta karyewa. Mata biyu ke taya ta, Fanna da 'Yar'azumi, su ma mazajensu sun rasu. Tsayuwa a bakin tukunya kuwa tana son abin ɗebe kewa, to daga nan labarin ya samo asali.

Birnin Gora sunan garin. An gina shi ne a bayan wani ƙaton gora, irin wanda masuntanmu ke kifa ciki a kai su yi ta yawo a ruwa, sai dai wannan faɗinsa tafiyar kwana uku ce. In ruwa ya zo sai garin ya taso, da fadarsa da kasuwarsa da maƙabartarsa, ya yi wata huɗu yana lilo. In ruwa ya janye sai ya zauna a laka. Da farko Fanna ta yi mata kashedi cewa ba a tatsuniya da rana. Gana ta ce, "Tatsuniya a zama ɗaya ake gamawa. Waɗannan mutane ne, suna can suna harkarsu, ni abin da na ji nake gaya muku." Doka ɗaya ta kafa: sai an hura wuta a ƙarƙashin tukunya take buɗe baki. Ranar da babu aiki, ko ka yi mata kuka ba za ka ji inda aka kwana ba.

Ni ne autan gidanmu. Sunana Haruna, na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, yara suna miƙewa in na shiga aji, amma a wurinta har na yi furfura Auta ne. An dawo da ni Haɗeja a 1965, na riƙa biyawa ta gidanta bayan an tashi makaranta, wai gaisuwa, alhali ƙanzon tukunyarta nake bi. A nan na tarar da labarin ya yi nisa. Sati biyu ina zaune a kan turmi ina yi musu kallon mata da shirmensu. A na uku na zo da littafin rubutu a aljihu. Kafin a gama sai da na cika tara.

Ba zan iya kawo muku mutanen duka ba. Akwai Sarauniya Dambana, mai saurin fushi da saurin kyauta. Akwai ɓarawo Tsilli, wanda ya taɓa sace inuwar fada ya sayar wa mutanen wani gari da ba su da bishiya. Akwai Malam Shiru, da ke magana sau ɗaya a shekara. Akwai Kada Mai Zobe, da Gurgun Iska shugaban aljannu, da Dogo Mai Fito wanda ke tsallakar da mutane a kwale-kwale, ba a cika jin bakinsa ba. Kowa da muryarsa. In Gana ta zama Tsilli har idonta kan ƙanƙance. 'Yar'azumi ta taɓa kwana biyu ba ta gaishe ta ba saboda ta kashe wa Sarauniya balbelarta.

A hutun 1972 kurkunu ya kwantar da ni wata guda. Mai kurkunu ba abin da yake da shi sai lokaci, don haka na jawo littattafan na karanta tun daga farko. A na huɗu wani abu ya fara sosa mini rai. A na bakwai na tashi zaune, na manta da ƙafa.

Mutanen nan sun bambanta a komai: abincinsu, zaginsu, tsoronsu. Amma duk ranar da masifa ta sauko wa Birnin Gora, yaƙi ne ko annoba ko fushin aljannu, in aka matsa kowannensu ya faɗi abin yi, magana ɗaya ke fitowa. A watsa iri, a zauna a jira, ruwa zai zo. Sarauniya ta faɗa da tsawa. Tsilli ya faɗa yana dariya da hannunsa a aljihun wani. Malam Shiru ya ɓata maganarsa ta shekara guda a kai. Har kadan ma, da ba shi da gona.

Na san inda maganar ta fito. Haka muke noman shinkafa a fadama. Da ruwan sama ya fara sauka sai mutum ya je ya watsa irinsa a ƙasar da ba kogi a kusa, ya koma gida. Kogin yana can yamma, ba wanda ya gan shi, sai bayan wata biyu ya malalo ya sami shuka tana jiransa. Manomin fadama yana zubar da abincinsa a ƙasa ne bisa alkawarin da ba wanda ya yi masa. Abin da nake son sani shi ne, mutanen Birnin Gora kowa da kansa ya gano wannan, ko kuwa mutum ɗaya ce ke sauya murya?

Ƙafata na warkewa na ɗingisa zuwa gidanta. Na ce, "Yaya, na gano wani abu. Mutanenki duk falsafarsu ɗaya."

Ta ce, "Mece ce falsafa? Da miya ake ci?"

Na yi mata bayani, yadda mutum ke kallon duniya ke nan, abin da yake komawa gare shi in ta yi tsanani. Ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa. "Kai Auta, boko ya gama da kai. Ta ina kada da malami za su zama ɗaya?"

"To mu gwada. A ce bana ruwa bai zo Birnin Gora ba. Me Sarauniya za ta ce?"

Ta gyara tsayuwa ta faɗa da muryar Sarauniya. Na ce Tsilli fa? Ta faɗa. Gurgun Iska? Ta faɗa, har da fito ta hanci. Matan suna ta dariya, har muka kai mutum na shida, sai Fanna ta daina dariyar ta ce, "Wallahi Yaya Gana, gaskiyar Malam ce. Duk abu ɗaya suka ce."

Gana ba ta ji daɗi ba, amma ba a kayar da ita cikin sauƙi. Ta ce, "To in gaskiya ɗaya ce, mutum ɗari suka gan ta, laifin wa? So kake in sa wani ya yi wauta don ka ji daɗin rubutu?" Na koma gida ina juya abin. Har yau in kun tambaye ni, amsar tata ba ta banza ba ce.

Da a nan abin ya tsaya, da gardamar ɗan boko da yayarsa ce kawai. Sai 1973 ta zo. Aka watsa iri aka jira, kogi ya ƙi fitowa daga cikinsa. Shuka ta yi tsayin ɗan yatsa ta bushe a tsaye. Masunta suka rataye koma, kwale-kwale suka kife a kan yashi. Aikin gumi ya koma sau ɗaya a sati biyu, in wani ɗan kasuwa ya samo ɗan abin da ya samo daga wajen Auyo. A gidan Gana an ci dusa, an ci ganyen da a da awaki ake ba. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba: wani tulu a ƙuryar ɗakinta, an liƙe bakinsa da laka, cike da irin shuka na jar shinkafar da ta gada daga uwar mijinta. Yara sun san ko kusa da shi ba a wasa.

A nan Shu'ibu ya shigo. Shi ne ɗanta na fari, magidanci mai mata da 'ya ɗaya, manomi da damina, mai fito da kamun kifi in ruwa ya cika. Ku da kuka san al'adarmu kun san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, in za ta ba shi tuwo sai ta ce a miƙa wa mutumin can. Gana ta riƙe wannan kunya da ƙarfi fiye da duk matan da na sani. Shekara talatin ban taɓa jin ta yi masa magana ido da ido ba.

Shu'ibu ya samu wanda zai sa shi aiki a wata masaƙa a Kano. Ba ci-rani yake nufi ba, wanda kowa ke zuwa ya dawo da ruwan farko. Ƙaura yake so, da matarsa da 'yarsa. Kuma ya rantse ba zai taka tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ba sai uwarsa ta sa masa albarka. Ya same ni a makaranta ya ce, "Kawu, kai kaɗai take saurara. In na tafi ba da yardarta ba, ko me na samu ba zai zauna ba. In na zauna, yarinyar nan ba za ta kai damina ba. Ka ga yadda ta koma."

Na gani. Na je na yi wa Gana magana a tsanake. Ta saurara har na gama, ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?" Shi ke nan amsar da na samu.

Ainihin amsar a bakin tukunya ta zo. Ranar da aka hura wuta, Shu'ibu yana zaure yana ɗinkin komar da ba ruwan da za a jefa ta, muryar uwarsa tana isa gare shi sarai, ita ma ta sani. Ta ce ruwa ya ƙi zuwa Birnin Gora, kowa ya watsa iri ya zauna, sai Dogo Mai Fito ya ɗaure kayansa ya sauka daga bayan gora ya nufi yamma. Bai yi kwana uku ba kuraye suka tare shi. Da safe rigarsa kawai aka tsinta. Muka ji Shu'ibu ya ajiye koma ya fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma faɗi abin da ya fi ƙarfin bakin auta. Na ce, "Yaya, ba kuraye suka kashe Dogo ba, ke ce. Ko dalilinsa ba ki bari ya faɗa ba. Kin ce mutane ne suna harkarsu. In da gaske ne, bar shi ya yi magana. In kuwa duk 'yan amshinki ne, ki faɗa mini in daina ɓata takarda."

Gana ta ce, "Zai yi magana. Kai dai ka zo da alƙalaminka."

Bayan kwana goma aka sake samun aiki. Ta fara da gyara: ashe rigar ce kurayen suka samu, Dogo ya tsira, an kamo shi an kawo gaban Sarauniya don ya faɗi abin da ya fitar da shi. Gana ta gyara murya. Ta ce, "Dogo ya ce..." Ta tsaya. Ta sake: "Dogo ya ce ya tuba, ya ce..." Sai ta girgiza kai da kanta. "A'a. Ba haka zai ce ba." Muka jira. Tururi yana tashi, ita tana tsaye da muciya a hannu, har 'Yar'azumi ta ji ƙauri ta ruga ta janye itace. Shekara goma sha uku tana wannan labari, ranar ce kaɗai na ga bakinta ya ƙafe, ranar ce kaɗai na ga shinkafa ta kama a hannunta.

Ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Kunya ta hana ni zuwa sati guda. Da na je ba da haƙuri na same ta zaune a inuwar rumbu, hannu ba aiki, abin da ban saba gani ba. Kafin in fara ta ce, "Ban san shi ba, Auta. Duk shekarun nan yana tsallakar da mutane a gabana, ban taɓa tambayar abin da ke ransa ba."

Ban tambaye ta wa take nufi ba. Can sai ga Shu'ibu ya shigo gaisuwar la'asar, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Gana ta juya fuskarta wajen turmi. Ta ce, "Auta, tambayi mutumin da ke bakin ƙofa, tun da shi ma ya taɓa fito. In shi ne Dogo, me zai ce wa Sarauniya?"

Taku huɗu ne tsakaninsu, amma sai da na maimaita tambayar kalma bayan kalma, don haka ake yi. Shu'ibu ya gyara durƙuso. Ya yi gyaran murya sau biyu, halinsa ne tun yana ƙarami.

"Kawu, ka gaya mata Dogo bai ce ruwa ba zai zo ba. Zai zo. Amma iri yana iya shekara a tulu bai yi kuka ba, yarinya ba ta iyawa. Ka gaya mata aikin mai fito shi ne ya kai mutanensa inda za su tsira. In babu ruwa, sai ya ɗauke su a kafaɗa." Na ɗauka ya gama. Sai ya ƙara: "Kuma masu jira sai sun ci abinci kafin su iya jira. Dole wani ya je ya nemo musu."

Na juyo zan maimaita, ta ɗaga mini hannu. "Ka gaya masa na ji." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan nan, ran Asabar da hantsi, na hango hayaƙi a gidanta. Na san babu ɗan kasuwar da ya kawo komai, don haka na ƙara sauri. Fanna da 'Yar'azumi ma hayaƙin ne ya kira su. Muka tarar da tukunya a kan wuta, Gana tana tsaye, Shu'ibu a zaure an aika ya zo bai san dalili ba. Ba ta jira mun zauna ba ta fara.

Dogo ya tsaya gaban Sarauniya Dambana, ya yi gyaran murya sau biyu. Fanna ta dube ni, na dubi ƙasa. Ya faɗi maganar duka, ba ta rage ba ta ƙara, ba ta kuma sa masa rawar murya ta mai laifi ba. Tsilli ya rasa abin dariya. Sarauniya ta ce, "Ban yarda da kai ba, Dogo. Ni a nan zan zauna, in watsa iri in jira. Amma ban ce ƙarya kake ba."

A daidai nan Gana ta ɗaga murfin don ta duba. Tururi ya yaye, Fanna ta leƙa, sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaya Gana, wannan ai jar nan ce. Iri kika turara?"

Duk wanda ya tashi a fadama ya san shinkafar da ta ga tukunya ba ta ƙara tsirowa. Na waiga ɗakinta, na hango tulun, an fasa lakar bakinsa.

Gana ta ce, "Rabi ne. Rabi na nan." Ta mayar da murfi. "Mai tafiya da iyali ba ya sauka a garin mutane hannu biyu." Sannan ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure, idonta a kan wuta: "Allah ya yi wa mai tafiya albarka, shi da matarsa da 'yarsa. Allah ya sa inda za shi ya karɓe shi."

Muka ce amin. Amin ɗin da ta fito daga zaure ita ce ta ƙarshe, kuma da ƙyar ta fito. Ni ban rubuta ko kalma ɗaya a ranar ba, sai daga baya na cike shafin da ka.

Aka shanya, aka casa, aka ɗaure a ƙaramin buhu. Ni na raka su Malam Madori, ita ba ta leƙo ko ƙofar gida ba. A hanyar dawowa na yi ta tunanin tambayata. Ban ce na warware ta ba. Abin da na sani shi ne, mutum ɗari da sha shida Gana ta haifa da bakinta, dukkansu kuma sun ɗauko ta. Na ƙarshen sai da ta yi shiru ta saurari wani kafin ya samu murya. Ta ci gaba da labarin shekara takwas bayan haka, tana bin Dogo garuruwan da ita ba ta taɓa gani ba, Sarauniya kuma ba ta sauya ra'ayi ba har Gana ta koma ga Allah.

Da ruwan farko na daminar 1974 ta ɗauki rabin da ya rage ta je fadama da kanta. Bai isa gonar ba, ta watsa iya inda ya kai ta dawo ta zauna. Kogi ya yi nawa. A watan da ya fi kowane wuya, shuka tana ƙasa rumbu babu komai, wani ɗan dako ya sauke buhun gero a ƙofar gidanta, ya ce daga tasha, an turo daga Kano. Ina wurin. Ta kwance bakin buhun, ta tura hannu har gwiwa, ta daɗe a haka. Sunan ɗanta bai fito daga bakinta ba, bai kuma taɓa fitowa ba har ta rasu. Ta dai share ido da gefen zane ta ce, "Fanna, hura wuta. Dogo ya aiko."